Ya Ce In Ce Daga Babur Na Faɗo

Assalamu alaikum Edita. A shekarar da sojoji suka koma bariki suka bar wa farar hula mulki, ina ɗalibi a jami'a, ɗan unguwar Zaitawa mai rawar kai da ji da ƙarfi. Kakanninmu daga Barno suka zo, kuma sana'ar gidanmu rubuta Alƙur'ani ce da hannu. Cikin 'ya'yan Baba ni kaɗai rubutuna ya ɗauko nasa, kowa ya san ni yake shiryawa in gaje shi. Ni kuwa finafinan Caina sun cinye mini kai, na je na shiga ƙungiyar kareti ta jami'a ba da saninsa ba.

Malaminmu tsohon soja ne, an kawo shi tun zamanin kaki, kuma ba wanda ya taɓa ganin takardar shaidarsa. Tun farko hankalina bai kwanta da shi ba. Ƙa'idar wasan ita ce idan an murɗe maka hannu ka bugi ƙasa, nan take a sake ka. Shi kuwa sai ya ƙara murɗawa yana murmushi, ya ce abokin gaba ba ya jin bugun ƙasa. Na kuma lura duk wanda ya ji ciwo, da kansa yake saka shi a mota, ba ya yarda kowa ya raka su. Abokaina suna ta yabon kirkinsa, ni dai na ce a raina ruwa ba ya tsami banza. Na haɗu da wani da ya daina zuwa, hannu a rataye, ya ce daga babur ya faɗo. Na haɗu da wani yana ɗingishi, shi ma babur. Na yi mamakin wannan ƙiyayya da babura ke yi wa 'yan kareti. Amma ina kwaɗayin baƙar ɗamara, alamar ƙwarewa a wasan, sai na haɗiye zargina.

A lokacin jami'a ta kafa kwamiti yana duba waɗanda aka ɗauka aiki zamanin soja, kuma duk raunin da aka kai asibitin makaranta zai iya kaiwa kunnensu. Ban haɗa wannan da babura ba sai ranar da ta zo kaina. Malaminmu ya kira ni gaba don ya nuna wani kamu, ya riƙe hannuna na dama. Na bugi ƙasa, na sake buga, har na ji ƙarar ƙashi. Ina kallo motarsa ta wuce ƙofar asibitin makaranta, muka shiga gari ta Ƙofar Na'isa, sai zauren wani maɗori a Dukawuya. Tsohon ya gaishe shi gaisuwar wanda aka saba, ya tambaya ko wannan ma babur ne. Da ya taɓa hannun ya ce karayar ta shiga gwiwar hannu, gara a kai ni asibitin ƙashi. Kafin in buɗe baki malaminmu ya ce ai yaron ne ba ya son asibiti. Aka yi ɗorin a nan. A hanyar komawa malaminmu ya kwantar da murya, ya ce idan maganar ta fita za a rufe ƙungiya, wahalar abokaina ta tashi a banza, Baba kuma ya san na saɓa masa. Ya ce in ce daga babur na faɗo. Tsoro ya kama ni, na yarda.

Baba ya dubi fatar jikina, ya dubi rigata, ya ce wannan babur mai ladabi ne, ya karya ƙashi bai ƙuje fata ba. Na dage, ya ƙyale ni. Da aka kwance karan ɗori hannun ya ƙi miƙewa, yatsuna biyu ba sa ji. Likita a asibitin ƙashi ya ce da an zo da wuri da an gyara, yanzu ƙashin ya riga ya haɗe a karkace. Na koma wurin malaminmu raina a ɓace. Ya dube ni a gaban kowa, ya ce ai da bakina na gaya wa duniya babur ne, to me ya haɗa kareti da hatsarin titi? Abokaina suka sunkuyar da kai. Kwamiti bai sami komai a kansa ba, ya ci gaba da aikinsa.

Da na gaya wa Baba gaskiya bai yi faɗa ba. Ya ce da na faɗa ranar, da fushinsa na kwana ɗaya ne, kuma da ya kai ni asibiti da kansa. Na yi ta gwada rubutu, baƙaƙen suna karkarwa, ba irin da za a sa a littafin Allah ba. Har ya rasu bai sake kirana gefen buzunsa ba, kuma da shi sana'ar ta ƙare a gidanmu. Wannan baƙin cikin bai bar ni ba.

Ba wasan nake zagi ba, akwai malamansa masu amana. Amma iyaye, ku bincika wa ke riƙe da jikin 'ya'yanku. Ku kuma ɗalibai, idan zuciyarku ta yi zargi kada ku danne ta. Duk malamin da ya ji maka ciwo sannan ya zaɓa maka abin da za ka faɗa a gida, kansa yake ceto. Ni na taya shi da bakina, ya riƙe aikinsa, na rasa hannuna.