Ajin Laraba Da Agha Manucher Ya Ƙi

Agha Manucher Dastjerdi ya yi shekara talatin da ɗoriya yana koyar da Turanci a wata sakandaren maza a Isfahan ta ƙasar Iran. Duk wanda ya bi ta hannunsa, ko ya manta komai, ba ya manta ranar darasin "turn down". Ran nan da rediyo yake shigowa aji, ya ƙure murya har malamin ajin kusa ya fara dukan bango, sannan ya murɗa a hankali ya rage, ya ce ga ma'ana ta farko. Ya kwantar da kwalar kwat ɗinsa, ya ce ga ta biyu, ba kowa ya san ta ba. Daga nan sai ya ajiye alli ya zo kan wadda ya fi ji da ita, wato a yi maka tayi ka ƙi karɓa.

"Ku buɗe kunnuwanku, sarakunan barci," haka yake ce musu. "Mu nan in an miƙo mana shayi sai mu ce a'a, a sake miƙowa mu ce kada a wahala, sai a na uku mu karɓa kamar an yi mana dole. Ta'arof ke nan, kuma namu ne mu kaɗai. Bature ka ce masa a'a, janye kofin zai yi ya shanye a gabanka."

Bai taɓa taka Ingila ba a lokacin, amma gaskiya ya faɗa. Abin takaicin ma ke nan, ya sani sarai.

Da ya yi ritaya, 'yarsa Golnar da ke aikin jinya a Sheffield, can Ingila, ta matsa har shi da matarsa Mahin Khanum suka tattara suka koma wajenta. Nan mutum ya fara yaushi. A Isfahan ba ya ratsa kasuwa sai an kira Ustad daga dama da hagu, wanzami ɗalibinsa, direban tasi ɗalibinsa. A Sheffield kuwa tsoho ne kawai mai hular sanyi. Sai ya koma gyara wa mai karanta labarai a talabijin Turanci, ya gyara wa surukinsa, har ya fara bin Mahin cikin kicin yana faɗa mata yadda ake jiƙa shinkafa.

"Manucher, ka fita ka sha iska kafin in haɗa da kai a tukunyar nan," in ji ta.

A yawon shan iskar ne ya gano ajin. Duk Laraba da rana, a ɗakin taron wani coci, ana koya wa sababbin zuwa Turanci, mafi yawansu 'yan Iran da 'yan Afganistan. Ya riƙa zama a kujerar baya, wai kallo kawai yake. Kafin wata ya zagayo kowa in ya maƙale sai ya waiwayo gare shi, shi kuma ya warware masa da Farisanci cikin raɗa. Malamar ajin tana da tsohon ciki, ta kusa tafiya hutun haihuwa, kuma Pauline, matar da ke tafiyar da wurin, tana neman wanda zai riƙe.

Ajin nan shi ne abin da Agha Manucher yake so a duniya. Bai faɗa wa kowa ba, amma ba sai ya faɗa ba. Mutumin da ya kai kwat ɗinsa wanki, ya rina gashin baki, ya sayo tsohuwar rediyo a shagon gwanjo ya ɓoye ƙarƙashin gado, ai ya gama magana.

Wata Laraba bayan an tashi, Pauline ta tare shi a bakin ƙofa.

"Mista Dastjerdi, na ji kai gogaggen malami ne. Za ka karɓi ajin nan?"

Zuciyarsa ta yi tsalle. Amma kafin hankalinsa ya iso, hannunsa ya riga ya dafa ƙirji, kansa ya sunkuya.

"Ni? Haba Madam, wane ni. Ni ɗalibinku ne. Akwai waɗanda suka fi ni nesa ba kusa ba."

"Ka tabbata? Da mun ji daɗi."

"Kin girmama ni da yawa. Tsufa ya zo, kada in ɓata muku aiki."

Ya tsaya yana murmushi, yana jiran na uku, har ya tanadi amsar: tunda kin matsa, umarninki a kan idona. Pauline ta dafa masa kafaɗa cike da tausayi, ta ce ta gode da ya faɗa mata gaskiya, bai kamata ta ɗora masa nauyi ba. Ta ɗauki jakarta ta tafi kama bas.

Mako na gaba aka ba wani matashi mai suna Gareth ajin.

Da labarin ya iso gida, Mahin ta ajiye ludayi ta zauna.

"Maimaita min. Ita ta ce ka karɓa?"

"Sau biyu kawai ta faɗa. Wace irin tarbiyya ce wannan?"

"Baba jan," in ji Golnar da kiran ƙauna irin nasu, "ba kai ne ka koya wa rabin Isfahan cewa Bature ba ya tayi sau uku ba?"

"Wancan darasi ne. Wannan mutunci ne."

"To dafa mutuncin ka ci," in ji Mahin. "Ƙasa ta rufe kaina! Shekara talatin kana tsorata 'ya'yan mutane da rami, da ka iso bakinsa sai ka cire takalmi ka yi sallama ka shiga. Gobe ka koma ka ce mata kana so."

"In roƙa? Da bakina?"

"A'a, da na maƙwabta."

Bai je ba. Ya bi ta hanyar da ya sani. Ya aika wa Pauline kwalin alewar gaz da aka kawo musu daga Isfahan, don ta gane akwai magana. Ta aiko da godiya, ta ce kada ya damu, ba ta riƙe shi a rai ba. Ya tura wani dattijo ɗan Shiraz ya je ya yaba shi a gabanta. Dattijon ya yi ta zuba har ya ce Ustad mutum ne da duniya ba ta dame shi ba, ko kujerar minista aka ba shi ba zai kalla ba. Pauline ta ce ai ta gani da idonta.

Haka ya ci gaba da zama a kujerar baya yana cizon leɓe. Gareth yaron kirki ne, amma bai san inda ke yi wa mai jin Farisanci ƙaiƙayi ba. Sai ya zubo musu ƙananan kalmomin nan masu jela irin su "turn down" har guda goma a zama ɗaya, ya tambaya ko an gane, kowa ya gyaɗa kai don kada a kunyata malami, shi kuma ya yarda ya wuce.

Da abin ya ishi Mahin, ta sa ya rantse da ran Golnar cewa zai je ya yi magana, kuma daga yau duk abin da Bature ya miƙo masa zai ce to tun a karon farko. Ya sa kwat, ya je, ya tsaya gaban teburin Pauline yana zufa cikin sanyin nan. Da ƙyar ya iya cewa, in akwai wani abu da zai taimaka da shi a ajin Laraba, a shirye yake.

Fuskarta ta washe. Ta ce aji kam Gareth ya zauna daram, amma matar da ke raba shayi lokacin hutu ta daina zuwa. Ko zai iya?

Wannan karon a'ar gaske ce ta taso masa tun daga ciki. Amma ya rantse da ran 'yarsa.

"To," in ji shi.

Yanzu duk Laraba Agha Manucher ne ke zagaya ajin da buta da tiren kofuna, cikin kwat ɗin da ya kai wanki don tsayawa gaban allo. Suna kiransa Ustad har yanzu, abin da ya fi yi masa ciwo ke nan. Ya ƙudura a ransa cewa ko da butar zai koyar: duk wanda ya ce a'a, wucewa zai yi, gara su koya a kan kofin shayi.

Ranar farko ya iso kan wata tsohuwa 'yar Mashhad da ba ta daɗe da zuwa ba, ruwan sama ya jiƙa mata mayafi.

"Shayi, Khanum?" in ji shi, yadda ake kiran mace da girmamawa a can gida.

"A'a Ustad, kada ka wahala, yanzu na sha."

Ya wuce kamar yadda ya shirya. Bai kai kujera ta gaba ba ƙafarsa ta ƙi. Ya tsaya, ya ja tsaki, ya dawo ya cika mata kofi har baki.

"Ƙarya kike, Khanum, ba ki sha komai ba. Karɓi, don Allah."

Ta ce wallahi ba sai ya damu ba. Ya tsaya riƙe da kofin yana jira ta gama ta'arof ɗinta.