Shahon da Na Ƙaryata Ka a Kansa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. A bazara ta biyu bayan ambaliyar da ta ci unguwar Walia, ranar Talata ashirin da uku ga azumi, Allah ya karɓi ran aminina Zulkiflu na unguwar Mursal. Ni Buba ban yi boko ba. Zulkiflu, 'yarka Mairama ce ke rubuta abin da nake faɗa, kuma na hana ta gyara min ko kalma ɗaya.

Shekara talatin muna zama bakin kogin Shari duk bazara, lokacin da tsuntsaye ke komawa arewa. Kai ke da jumel, madubin hangen nesan da ka samo kana direban masu gandun daji. Kai ka gani, ni in riƙe a ka. Da yanar ido ta rufe min gani ba ka bar ni a gida ba, goya ni ka riƙa yi a babur, kana karanta min sama. Sau nawa ka sayi tsuntsu hannun masu tarko a kasuwar Dembe, don kawai ka buɗe tafi ya tashi?

Ran Juma'a, a bakin kogi, ka damƙi hannuna. "Buba, shaho ne, amma ba irin namu ba. Fari kamar toka, ƙarshen fiffike baƙi kamar an tsoma a tawada, yana bin ciyawa ƙasa-ƙasa."

Na ce shirwa ce. A ƙofar masallaci, gaban jama'a, na ƙara da cewa tsufa ya fara yi maka gizo. Aka yi dariya. Ka ce, "Kalas, shi ke nan, hoto zan kawo, tsoho mai kan dutse." Kwana uku kana komawa kai kaɗai, da azumi a bakinka, cikin ranar da ko jaki ba ya fita. A na huɗu masunta suka ɗauko ka.

Zulkiflu, na san shahon nan. Sau ɗaya na taɓa ganinsa, kwana tara kafin yaƙi ya sa mu tsallaka kogi zuwa Kusuri da tabarmi a ka, harsashi na bin mu. Tsoro ne ya sa na ƙaryata ka. Na ɗauka in na hana shi suna, zai wuce da masifar da ya ɗauko.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka kabarinka, ya sa azumin da ka cika da shi ya cece ka. Hanatu matar aminina, ke da yaranki Mairama da Ja'afar, Allah ya ba ku haƙuri. In kun iya, ku yafe min.

Gobe bayan sallar asuba zan tsaya gaban waɗanda suka yi dariya, in ce abin da ka gani gaskiya ne, in gaya musu abin da ya biyo bayan shahon wancan karon. Mai ɗaure kaya ya ɗaure. Ni ba inda za ni.