Mai Jita da Amshin Kawu

Tun da annoba ta kulle mutane a gida, kowace safiya Mai Jita takan kwashe takalma daga durowar tufafinta, ta shige da jita da waya, ta jawo ƙofa. Wai tufafin ne ke shanye hayaniyar unguwa. Mijinta ya sha tsokanarta cewa mawaƙiya ya aura, ga shi sai ya ƙwanƙwasa durowa kafin ya gaishe ta. A lungun nan take rera abin da ta rubuta, ta tura wa makaɗi da mai haɗa sauti, kowa ya ɗora nasa daga ɗakinsa.

Saura amshi, amshi kuwa na Kawu ne, dattijon da ya yi wa mahaifinta amshi kafin ita. Cutar ta kwantar da shi, ya tashi, amma ta tafi da numfashinsa. Magana kaɗan sai haki. Likita ya ce ya riƙa motsa huhunsa kullum, amma Kawu ya yi kunnen uwar shegu. Ya aiko mata cewa ta nemi wani, shi kam ya ajiye waƙa. Saƙon ya sa ta kuka.

Ba ta roƙe shi ba, don ta san taurin kansa. Sai ta tura masa sabuwar waƙa, amshinta "Muna nan" kawai. Ta ce in wannan ma ya fi ƙarfinsa, za ta ba mijinta, wanda muryarsa ke tarwatsa kaji. Kawu ya fusata, ya rera.

Ba a jima ba ta ce wai akwai gurbi, a ƙara "da rai". Daga baya gurbin ya ƙara faɗi. Matar Kawu ta shaida cewa kullum yana bakin taga yana maimaitawa, yana mitar yarinyar nan ba ta iya gama waƙa ba. Ranar da ya ja "Muna nan da rai, muna jiran ranar da za mu ga juna" da numfashi ɗaya, ya kira ta.

"Ke, 'yar nan, waƙa kike rubutawa ko magani?"

"Duka biyun, Kawu."

Ya yi dariya mai tsawo, ko tari babu. Ya ce, "To gobe ƙaro mini baiti."

Ke ce kika yi wannan, gwanar cikin durowa. Waƙar ta zaga wayoyi, masu jinya suna kunna wa marasa lafiya, an manta ma da wadda ta rubuta. Mu dai ba mu manta ba, mun gode, Allah ya ƙara basira. Duk mai wani da ya yi shiru a ɗakinsa, ya yi koyi da ke, ya tura masa ɗan abin da zai iya amsawa. Kawu da kalma biyu ya fara.