Jirgin da Ya Kwana a Ƙarƙashin Ruwa

Ni ban iya lissafin shekaru ba, amma abin ya faru ne bayan babban farin da ya ƙarar da shanu, a shekarar da aka jawo wa unguwarmu wutar lantarki, ƙanwata tana goye. Har gobe in na ji ƙamshin man kaɗe a jikin katako, sai in gan ni a tsakar gidanmu na unguwar Tayuri, a garin Sabha, tsugune gaban Baba.

Mu mutanen kogi ne, daga Gaya ta bakin babban kogi, kakannina duk masu haɗa jirgin ruwa. Da yunwa ta kore mu muka biyo Baffa, yayan Baba, zuwa Sabha, can ƙasar Larabawa a tsakiyar hamada. Lokacin kuɗin mai ya buɗe, duk inda ka waiga gini ake yi. Baba ya koma buga katakon zuba siminti. Mutumin da jirginsa ke tsallakar da jakuna da buhunan gero, ga shi a garin da ko kududdufi babu.

To, hannu ba ya mantuwa. Ran Juma'a sai ya kwaso katakon akwatunan da ake kawo injuna a ciki, ya zauna haɗa ƙananan jirage. Kada ku ɗauka na wasan yara ne. Duk kamu ɗaya na jirgin gaske, faɗin yatsa ɗaya ne a nasa. Ya fere katako ya yi siriri, ya gasa bisa garwashi har ya lanƙwasa, ya ɗinke da wayar ɗaure rodi, ya toshe tsakani da auduga da man kaɗe. Babban kayan aikinsa wani ɗan gizago ne na kakansa, ƙotar ta yi baƙi da gumin mutanen da ban taɓa gani ba.

A danginmu mace ba ta taɓa jirgi kafin ya shiga ruwa, wai nutsewa zai yi. Baba ba shi da ɗa namiji, ni kuwa ba na jin kora. Da riƙe masa waya na fara, har aka kai ya daina duba wa ke riƙe da wuƙar.

Ya fara haɗa irin jirgin mahaifinsa, mai rumfa a tsakiya, tsawon hannuna. Ya kai rabi ke nan ƙarfe ya faɗo masa a hannun dama a wurin aiki. Yatsun ba su sake dunƙulewa ba. Baffa ya zo gaishe shi, ya sha shayi, sannan ya ce, "Tunda hannu ya tafi, ba ni gizagon in aika gida. Ɗana ya isa riƙewa."

Na ce, "Akwai mai riƙewa a nan."

Inna ta mintsine ni a cinya. Baffa ko kallona bai yi ba, ya ce, "Gadon maza ne, ba muciya ba."

Baba ya ce, "Yaya, bari ta ƙarasa wannan. In ya nutse, ka ɗauka."

Duk lokacin sanyin nan a kansa na ƙare. Sanyin Sabha kuwa mai fasa fata ne, waya ta yi ta shiga cikin tsagar yatsuna. Baba yana gefe, in na karkace ya yi gyaran murya. Matan maƙwabta in sun zo aron turmi sai su ce, "'Yar kogi, yaushe za a tsallakar da mu unguwar Jadid?" Nakan ce su tanadi kayansu, amma ban da masu nauyin baki.

Baffa gadi yake yi a gonar wani dattijo Balarabe, inda akwai jabiya, wato babban kwamin siminti da inji ke cika wa ruwa. Can muka kai jirgin bayan an sauko daga masallaci, 'yan garinmu suna biye. Na ɗora shi. Ya zauna daidai. Can sai ruwa ya fara tsattsafowa ta bakin ɗinki, a hankali, a hankali, har rumfar ta ɓace.

Baffa ya ce, "To, an gani. Ruwa ba ya ƙarya." Ya miƙo hannu.

Sai na zauna a kan gizagon. Na ce, "Baffa, a Gaya ana hawan sabon jirgi bai kwana a ruwa ba?"

Busasshen katako sai ya sha ruwa ya kumbura sannan yake matsewa, kowane ɗan kogi ya san haka. Baffa ma ya sani sarai, da hannunsa ya sha danne sabon jirgi da duwatsu. Ya yi zaton ni ce ban sani ba. Ya dubi Baba, Baba ya tsura wa itatuwan dabino ido. Mai gonar ya tambayi abin da ake ciki, aka gaya masa, ya yi dariya ya ce a bar shi ya kwana.

Da safe na shiga ruwan, sanyi har cikin ƙashi, na ciro shi, na zubar da ruwan, na share cikinsa da zanena, na sake ɗorawa. Na zuba masa dabino cike da tafi a matsayin kaya, na tura. Ya tafi har ɗaya gefen. Baffa ya sa yatsa ya shafa cikin, ya dubi yatsan.

Ya ce, "Bakin ya karkata hagu."

Na ce, "Na gaba ba zai karkata ba."

Ya kaɗe rigarsa ya koma bakin gadinsa. Bai sake tayar da zancen ba har ya rasu.

Tun daga nan ban ajiye ba. Na yi aure, na haifa, na aurar, ina haɗa jirage. Yanzu yara suna kawo mini na roba daga kasuwa, wai in huta. Surukina ya ce tsohuwa carbi ya kamace ta. Na ce masa hannu biyu Allah Ya ba ni.

Cikin waɗanda suka san zancen nan, saura mu uku. Ni, da ƙanwata da aka goya zuwa bakin jabiyar, tana nan unguwar Abdulkafi, da ɗan Baffa wanda aka so a aika wa gizagon. Yana Gaya, kayan babur yake sayarwa. Bara ya aiko roƙon jirgi ɗaya ya nuna wa jikokinsa. Na aika masa. Gizagon kuwa yana ƙarƙashin gadona, kuma na riga na faɗa a gaban shaidu: jikata ce za ta gaje shi.