Attahir da Ƙugiyar Sunan Ciɗo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 12 ga Agusta 1998, Allah ya karɓi ran abokin aikinmu Malam Attahir a nan Tahoua, bayan gajeriyar jinya.

Attahir, ƙyanda ta ɗauke maka ido tun kana yaro, amma kai ke shigar da sunayen masu karɓar hatsin taimako a ofishinmu. Wata murya ce a cikin ordinatar, wato kwamfuta, ke karanta maka abin da ke allo, da Faransancinta na hanci. Amaryarka muke ce mata, don ba ka jin maganar kowa in tana magana.

Ba zan manta da bara ba, lokacin da ake ta sallamar ma'aikata. Kullum in muryar ta shiga sunayen mutanen garin Barmou sai inji ya ƙame, aikin yini ya bi ruwa. In an kashe ta kuwa, lafiya lau. Darakta ya ce zuwa Juma'a ko a gano dalili ko a cire muryar. Kowa ya san cire ta sallamarka ce, ga matarka Hajaratu da yara a gida.

Na tsorata ƙwarai. Kai kuwa ka kasa kunne, inji na mutuwa kana tayar da shi, har ranar Alhamis ka ce kullum a kan suna ɗaya yake tsayawa: Ciɗo. Da na duba, ashe wani ne ya sa masa harafin ɗ na Hausa, muryar ba ta san ƙugiya ba.

Na ce mu goge ta yanzu. Ka ƙi. Ka ce ba a taɓa sunan mutum a bayan idonsa. Haushi ya kama ni, amma na ɗauke ka a babur har Barmou.

Tsoho Ciɗo ya saurare ka, ya yi dariya. "Ɗebe ta, Malam! Ni ban san ina da ƙugiya ba. In dai kai ka tsaya wurin aikinka."

Muka ɗebe ƙugiyar, aikinka ya tsira. Ranar jana'izarka, shi ne ya taho daga Barmou a ƙasa, ya kama makararka.

Ranar Litinin bayan rasuwarka aka cire muryar, tunda ba mai bukatarta. Inji bai sake tsayawa ba. Ni ne na kasa zama a ɗakin.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya buɗe maka ido a Aljanna. Hajaratu da yara da dangi, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi. Amin.