Darar Yaya Habu Ta Sake Buɗewa

Yau shekara goma sha biyu ke nan da muka kai yayana Malam Abubakar makwancinsa a Malumfashi. Mu a gida Yaya Habu muke ce masa, ɗalibansa na sakandare kuwa Malam Lissafi. Duk shekara idan wannan lokaci ya zagayo nakan ɗauki biro in ajiye, domin abin da ke raina bai wuce kewa ba, kewa kuma kowa yana da tasa. Bana dai na rubuta, saboda labari mai daɗi nake ɗauke da shi.

Yaya Habu mutum ne mai son dara. Idan aka taso daga makaranta ya ci abinci, ba ka rasa shi a gindin bishiyar ƙofar gidanmu, ya tona gurabe talatin a ƙasa, shi da tsofaffin unguwa, wannan da tsakuwa wancan da guntayen kara. Wata rana sai ga shi ya dawo daga Funtua da tsohuwar kwamfuta, irin mai ƙaton kai kamar talabijin. Ya saye ta ne wajen Emeka, mai gyaran kwamfuta, haifaffen Funtua wanda Hausarsa ta fi ta wasunmu. Muka ɗauka jarrabawar ɗalibai zai riƙa bugawa. Ashe dara yake son koya mata.

Shekara biyu ya yi yana wannan aiki, da wani littafi da ya yi hotonsa a Zariya, duk ya cika gefensa da rubutun jan biro. Muna yi masa dariya, yana taya mu. Ranar da ya gama ya kira ni ɗakinsa ya ce in zauna. Allon dara ya fito, sai na ji muryarsa daga lasifika alhali bakinsa a rufe: “Salamu alaikum. Zauna mu buga.” Ya naɗi muryarsa ya zuba a ciki. In ka yi kuskure ta ce, “Anya? Sake dubawa dai.” In ta jera uku ta ɗauke maka ɗa, ta ce, “Na ɗauke wannan, ka yi haƙuri.” In kuwa kai ka ci wasa, sai ka ji dariyar nan tasa mai haɗe da tari, sannan ya ce, “Kai! Wa ya koya maka?” Abin da ya fi ba ni mamaki, kwamfutar irin bugunsa take yi sak, ta bar ka ka saki jiki sannan ta rufe ka ta gefe.

Ya rasu da kaka, bayan jinyar da ba ta cika mako biyu ba. Ya bar matarsa Yaya Binta, da 'yarsa ɗaya tilo Hauwa mai shekara takwas, da mahaifiyarmu Inna. Ba a jima ba wuta ta kawo da ƙarfi ta ƙona tsohuwar kwamfutar. Emeka ya ciro wasan daga cikinta ya zuba mini a tawa ta tafi-da-gidanka, wadda nake rubuta rahoton aikina na malamin gona da ita. Ya zama duk Juma'a ina tasowa daga Funtua da ita a jaka. Hauwa ta buga da babanta, Inna kuma ta jawo tabarma kusa da faifan wake, wai tsinta take yi. Shi ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kama sunansa ba, ba ta kuma taɓa cewa a kunna mata ba. Amma ban taɓa ganin waken nan ya ragu ba muddin ana wasan.

A shekara ta huɗu na yi ɓarnar da ta daɗe tana cin raina. Wata safiya a ofis saƙo ya fito a allo, ana tambaya ko na yarda a sabunta babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar. Na danna na yarda, kamar yadda mutum ke sa hannu a rajistar zuwa aiki. Zuwa azahar komai ya koma sabo, launi mai kyau, rahotannina duk suna nan. Na taɓa dara, sai wani ɗan akwati ya fito da Turanci layi ɗaya: wannan ba zai iya aiki a wannan kwamfuta ba. Na sake taɓawa ya fi sau ashirin.

Kunya ta sa na ɓoye. Fiye da wata guda ina zuwa Malumfashi hannu rabbana, yau in ce batir ne, wani mako in ce na bar ta a ofis. Da na gaji na kai wa Emeka, ya duba ya girgiza kai.

“Malam Sani, me ya hana ka zuwa tun ranar? Da akwai hanyar komawa baya, yanzu ta rufe.”

“Ya goge ke nan?”

“Bai goge ba, lafiyarsa ƙalau. Sabuwar manhajar ce ba ta jin yarensa. Ba kai kaɗai ba ne, tsofaffin wasanni da yawa haka suka mutu a hannun masu su.”

Ya kwafe komai a filashi da faifai biyu, ya ce ko gobara aka yi in fara ɗaukar su kafin takalmina. Ranar Juma'a na faɗi gaskiya a tsakar gida. Inna ta ce, “Allah ya sa haka ne mafi alheri,” ta ɗauki faifan wakenta ta shige ɗaki. A wurina ranar kamar an sake yin rasuwar ne, kuma a wannan karon da yatsana aka yi.

Ba mu zauna ba. Ni da Emeka mun bi tsofaffin kwamfutoci har Dandume, mun karɓo wata wajen wani malami a Tsiga wadda ɓeraye suka yi gida a cikinta. Wata ta ƙi tashi, wata ta nuna allon dara ba murya, wata ta yi minti biyar ta ɗauke. Daga baya muka haƙura. Shekara takwas muryar nan tana kulle a aljihun tebur ɗina.

A shekarun nan na sha tambayar kaina me Yaya Habu zai ce da wannan zamani. Garmar da mahaifinmu ya bari har yau tana huɗa a gonarmu, ba wanda ya aiko daga wata ƙasa ya ce daga gobe ba za ta shiga ƙasa ba. Amma abin da mutum ya ƙera da ƙwaƙwalwarsa shekara biyu, safiya ɗaya ta isa a rufe masa ƙofa, ba tare da an san ma yana duniya ba. Na san ba zai yi fushi irin nawa ba. Cewa zai yi masu sabuntawar ba mugunta suka nufa ba, ɓarayin intanet suke toshewa, kuma ba su san da wani malami a Malumfashi ba balle su tsane shi. Sannan ya tambaye ni, kamar yadda yake yi wa ɗalibai, “To yanzu da ka gama ƙorafi, mene ne mataki na gaba?” Ni ban san matakin ba. 'Yarsa ce ta sani.

Hauwa yanzu shekararta ashirin, tana karatun kwamfuta a Zariya. Da hutun bara ta zo Funtua ta gaishe ni, za ta tafi ta ce, “Baffa, filashin nan yana nan?” Na ba ta ban tambayi dalili ba, don ba na son in sa rai. Sai farkon daminar bana ta bugo mini waya.

“Baffa, ranar Juma'a ka zo da wuri. Ka taho da Baba Emeka. Na faɗa wa Umma ita ma.”

Yaya Binta ta daɗe da yin aure a Bakori, mijin da kansa ya kawo ta. Bayan an sauko daga masallaci muka taru a tsakar gida. Hauwa ta ɗora kwamfutarta, sabuwa fil, a kan turmi da aka kife. Ta yi mana bayani a taƙaice: ta gina tsohuwar kwamfuta ce ta ƙarya a cikin sabuwar, yadda wasan zai ɗauka yana gidansa na da. Hoton tun farkon zango ya fito mata. Muryar ce ta ba ta wahala wata da watanni, sai da ta tono wani faifai a cikin kwalayen Emeka da shi kansa ya manta da shi.

Inna idonta ya yi rauni yanzu, ba ta san abin da aka tara mu a kai ba. Hauwa ta danna. Allon ya fito.

“Salamu alaikum. Zauna mu buga.”

Inna ta ɗago kai da sauri ta ce, “Wa alaikumus salam.” Sai da ta amsa sannan ta gane. Ta kai hannu ta lalubo kan Hauwa ta riƙe, ta ce, “Ke kika dawo da shi?” Hauwa ta ce, “Ni ce, Inna.” Yaya Binta ta rufe fuska da mayafi. Emeka, ƙato mai furfura, ya miƙe yana tafi yana cewa ta yi, wallahi ta yi. Maƙwabta suka ji hayaniya suka shigo, kafin la'asar tsofaffin abokan dararsa da suka rage sun cika zaure, aka kai musu can. Ɗaya daga cikinsu ya yi ganganci, muryar ta ce, “Anya? Sake dubawa dai,” ya ce, “Habu, har yanzu ba ka daina raina ni ba?” Zaure ya kece da dariya, ana yi ana share ido.

Hauwa ba ta tsaya nan ba. Ta ce ba za ta yarda wata sabuntawa ta sake yi mana haka ba. Ta zauna ta karanta ɗanyen rubutun da babanta ya gina wasan da shi, layi bayan layi, ta sake rubuta shi yadda zai hau wayar hannu, da muryarsa da komai. Ta raba ɗanyen rubutun ga abokan karatunta, domin in abin ya sake tsufa a samu mai gyarawa. Makon jiya na je duba wata gonar masara a bayan Dandume, ina wucewa ta wata majalisa na ji dariyar yayana tana fitowa daga wayar mutumin da bai taɓa ganinsa ba. Na tsayar da babur na saurara har aka gama.

A cikin karatun rubutun ne ta ci karo da wani abu da ta kira ni ta nuna mini. Akwai wani wuri da kwamfutar ke yin sakaci: in ta ci mutum sau uku a jere, a wasa na huɗu sai ta bar masa ƙofa a gefen hagu. Hauwa ta ɗauka kuskure ne, har ta fara gyarawa, sai ta ga ya bar layi ɗaya da Hausa a saman wurin: “Kada a gyara wannan. Mai koyo in bai taɓa ci ba, ba zai dawo ba.”

Na daɗe ina kallon layin nan. Na tuna ɗaliban da suka zo ta'aziyya daga garuruwa masu nisa, kowa yana cewa shi daƙiƙin lissafi ne sai da ya shiga ajin Malam. Murya an ceto ta, mun gode Allah, amma ita ma wata rana na'urar da ke ɗauke da ita za ta tsufa. Abin da na tabbata ya wanzu shi ne halin da ya rubuta layin nan, domin na gan shi a fuskar 'yarsa lokacin da na tambaye ta ko ta gyara wurin.

Ta ce, “A'a, Baffa. Na bar masa kayansa yadda ya ce.”

Allah ya jiƙan Yaya Habu, ya haskaka kabarinsa, ya sassauta masa kamar yadda ya sassauta wa masu koyo.