Rabon Alawar Suna a Garin Masu Haƙar Dalma

Daga Gangare zuwa Abuja

Ana kiran assalatu na fita daga gidana na unguwar Gangare a Jos da jakunkuna biyu, ɗaya tawa, ɗaya ta mai jego. Matata Hajiya ce ya kamata ta yi wannan tafiya, domin Hadiza, matar ɗanmu Nura, ta kusa haihuwar fari a Amurka. Ciwon gwiwa ya hana ta, sai aka ce ni in je, tsohon dillalin kabeji a kasuwar Farin Gada wanda bokonsa bai wuce firamare ba. Ta cika mini jaka da yaji da kanwa da garin kunu, ta biyo ni har zaure tana cewa, "Alhaji, kada ka je ka sa musu baki a harkarsu." Na ce ba zan sa ba. Allah ya yafe mini, ban cika wannan alkawari ba.

Direbanmu wani ɗan Birom ne mai barkwanci. Da muka gangara Hawan Kibo ya ce, "Baba, wannan kanwa za ka kai Amurka? Su oga na can za su ce hodar iblis ce." Har muka wuce Akwanga da Keffi ina tunanin maganarsa.

Cikin jirgi

Da dare muka tashi, muka sauya jirgi a Turai. A can na tambayi kuɗin shayi, na ji zai sayi kwandon tumatir, sai na ce azumin nafila ma lada ne. Da muka sauka Amurka na nuna wa jami'in bincike duk abin da na ɗauko. Kanwa bai damu da ita ba. Yaji ya buɗe ya sunsuna, ya yi ta atishawa har abokan aikinsa suka fashe da dariya, ya ɗaga mini hannu in wuce.

Hanyar gari

Nura ya ɗauke ni a mota, muka bar birni muka nausa cikin karkara. Ƙasar shimfiɗe take kamar faifai. Masara dama, masara hagu, hanya miƙe sambal babu kwana. Ni da na tashi cikin duwatsu, idona ya yi ta neman inda zai huta ya rasa. Sai gab da magariba na hango wasu tuddai farare guda uku.

"Yauwa, ga duwatsunsu," in ji ni.

"Baba, ba duwatsu ba ne, ƙasar da aka tono ce daga ramin dalma."

Na dubi tuddan, na dubi wani tafki kore shar a gindinsu. Wallahi kamar hanyar Bukuru ta wajenmu. Mahaifina kuza ya haƙa har ya tsufa, don haka ban buƙaci a yi mini bayani ba. Sunan garin ya ƙi zama a bakina, sai na riƙa kiransa Bukurun Amurka.

Titi ɗaya ne babba, da tankin ruwa dogo, da rumbunan hatsi na ƙarfe, da coci biyu, da kantuna rabinsu a rufe. Mutanen garin gaba ɗaya ba su kai masu sallar Juma'a a unguwarmu ba.

Haihuwa

Ban daɗe da zuwa ba Hadiza ta sauka lafiya, mace. Muna murna, sai na tambayi Nura su wa za a gayyata suna.

"Baba, in an yanka rago a Jos ai ya wadatar. Nan ba a shiga gidan mutane haka kawai."

Shekara uku suna garin, yana aiki a asibitin garin da ke kusa, amma maƙwabci ko ɗaya bai taɓa taka ƙofarsu ba. Da safe na tarar da Hadiza tana kuka a kicin. Ta sunkuyar da kai ta ce, "Baba, in za ka koma ka tafi da ni. Sai in yini ban ji sallamar kowa ba. Yanzu 'yata ma haka za ta shigo duniya, ba wanda ya ce barka."

Nura ba zai iya barin aikinsa ba, ita kuma ba za ta iya zama haka ba. Na ga gida na shirin rabuwa biyu a kan abin da a wurinmu ƙullin alawa ke gyarawa.

Gonar Harold

Da Nura ya tafi aiki na sa babbar riga, na sayi alawa a kanti, na ƙulla ta a leda ƙulli-ƙulli, na fara bi gida-gida. Wasu suka leƙo ta taga ba su buɗe ba. Wata ta ɗauka wa'azi na zo yi, ta karɓa ta ce ta gode, amma ita tana da cocinta.

A bayan gari na hango wani gida can cikin gona. Maimakon in bi titi, sai na tsallake shinge na yanke ta cikin masara, yadda muke yi a Jos. Akwai wani allo a jikin shingen, ban tsaya karantawa ba. Ina fitowa fili wani kare kamar ɗan maraƙi ya taso mini. Da shekaruna da babbar rigata, ban san lokacin da na ɗare kan wata tarakta ba. Sai ga wani tsoho ya fito da bindigar farauta a hannu.

"Me kake sayarwa a kan taraktata?"

Na tattaro Turancin Farin Gada na ce, "Oga, ba sayarwa ba ne. An yi mana haihuwa, na kawo maka alawa."

Ya dube ni, ya dubi ledar da ke hannuna, ya jingine bindiga ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Sunansa Harold. Da na ce ni mahaifin Nura ne, ya ce, "Yaron nan na asibiti? Ai mun ɗauka su ne ba sa son a dame su. A nan in mutum bai kira ka ba, girmamawa ce ka ƙyale shi."

Na ce, "Mu kuwa in ba ka zo ba, gaba ce."

Ya sa ni a akori-kurarsa ya zagaya da ni. Ya nuna mini kogin da ya ratsa gabashin gari, ya ce mutanen da suka fara zama a wurin an kore su zuwa yamma, sunan kogin kaɗai suka bari. Bayansu aka gano dalma, mutane suka yi ta kwararowa daga ƙasashen Turai, kowa da yarensa, aka ja layin dogo, gari ya cika har da gidan siliman. Kakansa a ramin ya yi aiki, tari ya kashe shi. Da dalma ta ƙare kamfani ya kwashe ya tafi, ya bar musu tuddai da tafki. Makaranta ta rufe, matasa suka tafi birni.

Na ce, "Labarin garinmu ka ba ni. Mu ma kuza ce ta tara mu, kuma kududdufai aka bar mana."

Muka tsaya a bakin tafkin. Can ya ce, "Rabon da a yi haihuwa a garin nan, na manta. Ba ni sauran alawar, matata Ruth za ta raba."

Da yamma Nura ya ji abin da na yi, sai da ya zauna a ƙasa. "Baba, da ya harbe ka fa?" Na ba shi gaskiya.

Ranar suna

Bayan asuba na raɗa wa yarinya suna Maryam. Hantsi ya yi, ba kowa. Hadiza ta dafa shinkafa tukunya guda tana ta duban taga. Sai wajen azahar muka ji mota, sai wata, sai wata. Kowace mace da kwanon abinci a rufe, kuma Ruth ta riga ta gargaɗe su kada a sa naman alade. Tsakar gida ta cika da tsofaffi. Harold ya zuba yajin jego a nama duk da na hana shi, ya sha ruwa kofi uku yana hawaye yana cewa a ƙara. Mata suka yi layi wajen ɗaukar Maryam. Na ji Hadiza tana dariya daga ɗaki tana koya musu cewa barka.

Ana gobe zan taho na tambayi Hadiza ko ta haɗa kaya. Ta ce, "Baba, ka gaida Hajiya. Ruth za ta zo da safe ta riƙe mini yarinya in yi wanka."

Dawowa

Na sauka Abuja da safe, na iso Gangare ana sallar la'asar. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni, na gode wa Harold da Ruth da mutanen garinsu. Roƙona ga duk wanda zai je: ya gaida maƙwabta, amma don Allah kada ya yi irin tawa. Ya bi ta titi, ya karanta allo, ya tsaya daga bakin shinge ya yi sallama da ƙarfi. Ba kowane mai bindiga ne ke tsayawa ya yi tambaya ba.